Wannan Katakon da Sauransa

A garuruwanmu, idan za a gyara gida domin amarya, ko ɗan haya ya tashi ana jiran wani, kicin ne ke fara shan guduma. Kabad ɗin da suka shekara talatin ko arba'in a jikin bango sun yi baƙi da hayaƙin risho, maiƙo ya daskare a kansu, wannan ƙyaure ya karkace, wancan ba ya rufuwa sai an tokare shi da gwiwa. Maigida ya leƙa sau ɗaya ya ce a ɓamɓare, a kawo na zamani mai sheƙi. Kafin la'asar an jibge su a bayan gida, mai ƙosai ta aiko yaro ya kwashe mata na hura wuta.

Akwai kuwa wani irin kafinta, ba su da yawa, wanda idan aka kira shi wannan aiki ba ya fara neman guduma. Yakan durƙusa ya buɗe ƙyauren da ke ƙarƙashin famfo, ya ƙwanƙwasa nan, ya soka sukundireba can, ya kankare ɗan wuri da bakin wuƙa ya ƙura masa ido, sa'an nan ya miƙe ya ce, "Alhaji, wannan katakon da sauransa." Aikin wannan mutum nake son bayyanawa, domin a ganina yana cikin sana'o'in hannu mafi buƙatar ilimi, kuma mafi ƙarancin samun yabo.

Abin da ya hango a wurin da ya kankare shi ne asalin icen. Kabad ɗin tsofaffin gidajen ma'aikata na Kaduna da Zariya da Kano, da na gidajen da masu hali suka gina a shekarun 1970 da 1980, da yawansu da gangariyar katako aka yi su: maɗaci da danginsa na kurmi, ko loko wanda mutanen kudu ke kira iroko, ko kawo, ko mansoniya. A zamanin, ana sare manyan bishiyoyi da suka daɗe a daji, kuma garin Sapele da ke jihar Delta ta yanzu yana da katafariyar masana'antar katako ta kamfanin AT&P tun zamanin Turawa, har akwai wani icen da duniya ta sani da sunan garin. Yau ka je 'Yan Katako a Na'ibawa ka nemi falanki mai faɗi, busasshe, na zuciyar tsohuwar bishiya, ka ji kuɗin da za a faɗa maka, in ma an samu. Ba a banza ba. Madobiya, da aka yi ta sarewa a dazukan Taraba ana lodinta zuwa Sin, ta shiga jerin itatuwan da yarjejeniyar ƙasa da ƙasa ta CITES ke sa wa ido tun farkon 2017, kuma a taron da aka yi a Panama a 2022 aka ƙara maɗaci da kawo na Afirka a jerin. Wato abin da ake ba mai ƙosai ta ƙona, wani lokaci ba a iya sayen irinsa da kuɗi.

Wanda ake maye gurbinsa da shi kuma, galibi allon MDF ne ko danginsa, wato garin katako da aka kwaɓa da gam aka matse da inji, aka lulluɓe shi da leda mai ƙyalli. Ba na raina shi. Shimfiɗaɗɗe ne, ba ya tanƙwarewa da sauyin yanayi, yana da sauƙin gogewa, kuma a busasshen wuri yana yin shekaru. Amma ranar da ruwa ya sami kafa ya shiga ta gefensa, ya kumbura ke nan, kuma ba ya saɓewa. Ba a fere shi, ba a yi masa maho, ramin sukuru in ya zarme da wuya ya sake riƙewa. Katako na gaskiya kuwa yana karɓar gyara sau da yawa, in dai ya faɗa hannun wanda ya san shi.

Sanin nan yana farawa da rarrabe abu uku da ido ke gani a haɗe: datti, da abin da aka shafa, da katakon kansa. Yawancin munin tsohon kicin na farkon ne. Tururin man gyaɗa da manja na shekaru, da kunkunniya, da ƙurar hunturu, sun haɗu sun zama wani danƙo mai kauri. Shi ya sa gwani ba ya taɓa samfefa sai ya yi wanki. Wanda ya fara gurza a kan maiƙo, samfefarsa za ta toshe nan take, kuma zai cusa man cikin jijiyar katako, inda daga baya zai hana banish kamawa. Sai ya kwance ƙyamaren da aljihunan duka, ya rubuta wa kowanne lamba a wurin da ƙarfe zai rufe, domin a aikin hannu na da ba ƙyaure biyu da suke daidai wa daida, kowanne da gurbinsa aka fere shi. Ya wanke da ruwan ɗumi da sabulu, tsumma a matse, yana bi yana tsanewa, ba ya barin ruwa ya kwanta. Sau da yawa a nan kaɗai uwargida kan fara sauya magana, idan ta ga jan maɗaci ya leƙo daga ƙarƙashin baƙin.

Daga nan sai gwajin abin da aka shafa tun farko. Yakan ɗiga sifirit a wani lungu. In wurin ya yi laushi ya narke, shelak ne, wani danƙo da ƙwari ke fitarwa a jikin bishiyoyi a Indiya da Tailan, wanda tsofaffin kafintoci ke yin folish da shi. In bai motsa ba sai ya gwada tina. Wanda ya narke da tina shi ne laka irin ta feshi. In duka biyun sun gaza, banish ne mai tauri. Amfanin wannan ɗan gwaji babba ne. Shelak da laka suna narkewa su haɗe da sabon da aka ɗora musu, don haka ana iya farfaɗo da su ba tare da an kankare komai ba. Banish da ya tsattsage kuwa sai an cire shi. Wanda bai gwada ba ya shafa wani a kan wani, bayan mako guda zai ga aikinsa yana yamutsewa yana ɓarewa.

In fenti ne, musamman tsohon fentin mai, akwai abin da ya fi kyau ko muni muhimmanci. Irin wannan fenti yakan ƙunshi dalma. Amurka ta hana amfani da shi a gidaje tun 1978, amma a ƙasashen Afirka da dama an ci gaba da sayar da shi shekaru masu yawa bayan haka. Mu kuwa ba ma buƙatar a yi mana dogon bayani a kan gubar dalma, tun abin da ya faru a ƙauyukan Zamfara a 2010, inda ƙurar dutsen zinariya da ake niƙawa a cikin gidaje ta kashe yara kimanin 400. Kafinta mai hankali ba ya gurza tsohon fenti a bushe a ɗakin da ake dafa abinci. Yakan fitar da ƙyamaren waje, ya jiƙa wurin kafin ya kankare, ya rufe hanci da baki, ya tattare tarkacen, ya kori yara daga wurin. Wannan kaɗai ya isa a gane wanda ya san aikinsa.

Sai binciken ƙashin kabad ɗin. Wuri uku ne ke fara mutuwa: ƙarƙashin famfo inda bututu ke ɗiga, gindin da ke taɓa ƙasa inda ruwan mopa ke kwanciya, da bayan da ke jingine da bango mai danshi. Lafiyayyen katako in aka ƙwanƙwasa shi yana amsawa da ƙarfi, wanda gara ta cinye ta ciki kuwa sai ka ji shi fanko, ko da fuskarsa lafiya lau. Gara takan bar hanyarta ta ƙasa a jikin bango. Ƙwaron katako shi kuma ƙananan huda yake bari, da gari mai laushi a ƙasansu, kuma ya fi son farin gefen ice da fararen katako irin su obeche, waɗanda ake yawan sakawa a ciki inda ido ba ya kaiwa. Don haka sau da yawa za ka tarar fuskar maɗaci ko loko tana nan garau, kantocin ciki ne kawai suka lalace. Gwani ya cire waɗannan, ya bi sawun garar har inda ta fito, ya sa a toshe, ya shafa maganin katako irin su Solignum a baya da gindi, a waje, ya bar shi ya sha iska. Baƙin man mota da wasu ke shafa wa katakon rufi ba shi da wuri a inda ake ajiye garin tuwo. Kuma in ya ga ɓarnar ta kai ga ginshiƙan, yakan faɗi gaskiya cewa wannan ya gama, ya tsame ƙyamaren da duk wani falanki mai rai domin wani aikin. Ba kowane kicin ne ke tashi ba, kuma sanin wanda ba zai tashi ba yana cikin gwanintar.

Inda na fi jinjina wa waɗannan mutane shi ne yadda suka san motsin katako. Ice ko ya shekara hamsin da sarewa bai daina shan danshin iska yana fitarwa ba. In ya sha ya kumbura, in ya fitar ya tsuke, kuma a faɗinsa yake wannan motsi, tsawonsa kusan ba ya canzawa. A ƙasar Hausa abin ya fi tsanani, domin a tsakiyar hunturu danshin iska kan sauka ƙasa da kashi 20 cikin ɗari, a watan Agusta kuma ya haura kashi 70 ko 80. Ruwan da ke cikin katako kan tashi daga wajen kashi 5 cikin ɗari zuwa kusan kashi 15 tsakanin lokutan biyu. Allo mai faɗin santimita 40 yana iya motsawa da kusan rabin santimita. Shi ya sa kafintocin da suka ƙera tsofaffin ƙyamare suka yi su da firam, suka tsaga masa kwari ta ciki, suka zura allon tsakiya ba tare da gam ba, domin ya riƙa numfashi a sake. Sabon shiga in ya ga allon yana ɗan girgiza a watan Janairu sai ya ɗauka lalacewa ce, ya ɗura masa gam ko ya kafe shi da ƙusa. Damina ta zo allon ya nemi wurin buɗewa ya rasa, ya ture firam ɗin ya ɓalle mahaɗinsa. Hunturu ya dawo ya nemi tsukewa ya rasa, ya tsage gida biyu. Gwani ba ya taɓa wannan sakin. Hasali ma yakan bi kwarin ya share tsohon banish da ya manne allon, ya mayar masa da 'yancinsa.

Mahaɗan firam kuwa, inda aka sassaƙa wa wannan harshe aka huda wa wancan rami, su ne ke son gam. In sun saki, ba a ɗura sabo a kan tsoho, domin farin gam irin Top Bond jikin katako yake kamawa, ba busasshen gam ba. Sai an zare mahaɗin a hankali, an kankare shi tas, in harshen ya rame a liƙa masa siririn ɓawon katako, sa'an nan a shafa, a haɗa, a matse. Wanda ba shi da ƙarfen matsewa yakan yanka tsohuwar robar cikin taya ya naɗe firam ɗin tamau, ya auna kusurwa zuwa kusurwa ya tabbatar bai karkace ba, ya bar shi ya kwana. In loko ne, yakan fara goge wurin da tina, saboda icen yana da maiƙonsa na halitta.

Raunukan fuska kowanne da maganinsa. Wurin da tukunya ta faɗa ta lotsa, in jijiyar ba ta yanke ba, sai a ɗora jiƙaƙƙen tsumma a danna dutsen guga mai zafi. Tururi ya shiga, jijiyar da ta danne ta taso. Baƙin tabo da ke kewaye da ƙusa ko inda aka saba ajiye jiƙaƙƙen gwangwani ba datti ba ne, ƙarfe ne da ruwa suka haɗu da wani sinadari na cikin icen, kuma yakan nutse, gurza ba ta kai masa sai an yi rami. Ana fitar da shi da ruwan asid na okzalik, a ɗauraye, a bar shi ya bushe. Ramin sukurun da ya zarme a cusa masa tsinken katako da gam, a sake hudawa. Ƙaramar tsaga a cike ta da dusar katakon kansa da aka kwaɓa da gam.

Maho shi ne jarrabawar gaske. Inda wuta ta ci, ko gefen da ya ruɓe, sai an yanke an dasa wani. Maɗaci yana ƙara duhu da shekaru, sabon yanka kuwa fari-fari ne mai ɗan ja, don haka sabon katako daga kasuwa ba zai taɓa sajewa nan da nan ba. Abin da gwani ke yi shi ne ya nemo mahon a jikin kabad ɗin kansa, daga bayan wata kanta ko gefen da ke fuskantar bango, ice ɗaya, shekaru ɗaya. Ya juya guntun ya sake juyawa har zanen jijiyarsa ya bi na wurin, ya yanka shi da ɗan goce, ba murabba'i ba, domin layin da ya gitta jijiya shi ido ke fara kamawa. Sai ya ɗora shi a wurin ya zana, ya sassaƙa ramin daidai da shi, ya bar shi ya ɗan ɗara tsayi, bayan gam ya kama ya fere shi ya yi daidai. Aikinsa ya yi kama da na gyartai, wanda ke ɗinke fasasshiyar ƙwarya har ta koma riƙe nono: duka biyun sun yarda cewa abin da ya fashe bai gama amfani ba, kuma duka biyun ana auna su da ƙanƙantar sawun da suka bari.

Gurza, wadda mutane ke ɗauka ita ce aikin duka, gwani kaɗan yake yinta. Ya san launin da shekaru suka ba katako a fatar sama yake, in aka zurfafa ya tafi. Ya kuma san wasu allunan fale-fale ne da aka liƙa wa fuskar ice mai kyau wadda kaurinta bai kai milimita ɗaya ba, inji in ya zauna a kai na ɗan lokaci sai ya huda ta, kuma wannan ba ta gyaruwa. Shi ya sa da yawa suka fi son kankarewa da faifan ƙarfe ko fasasshen gilashi, wanda ke ɗebe banish ya bar katako. Samfefa kuma daki-daki ake binta, lamba 120, sai 180, sai 220, kullum ana bin jijiya, ba a gitta ta, domin kowane karce na gicciye zai fito ɓaro-ɓaro da zarar an shafa banish. Kafin shafawa yakan goga tina a fuskar, ta nuna masa launin da za a samu da duk wani karcen da ya ɓuya.

Shafin ma da lokacinsa. A hunturu banish na saurin bushewa, amma ƙura ce abokiyar gaba, sai an yayyafa ruwa a ƙasa, an rufe taga, an yi aikin da sassafe kafin iska ta tashi. A damina kuma laka takan yi fari-fari kamar hazo saboda danshi. Shafi na farko a tsinke shi ya shiga jiki, na biyu da na uku sirara, a ɗan bi da samfefa mai laushi a tsakani. Abin da ke bambanta aikin da zai daɗe shi ne inda ba a gani: bayan ƙyaure, da gefen sama, da na ƙasa musamman, inda bakin jijiya yake a buɗe yana zuƙar ruwa. Ƙyauren da aka shafa wa fuska ɗaya kawai zai sha danshi ta baya ya tanƙware. Allon da ake yanka nama da albasa a kai kuwa ba a sa masa banish, wuƙa za ta farfasa shi. Kakin zuma da man da ba ya lalacewa ake shafa masa, domin man girki yakan tsufa a cikin katako ya yi wari. Tsummokaran da aka shafa man linsid da su ba a dunƙule su a jefa a lungu, suna iya ɗaukar zafi su kama wuta da kansu, sai a shanya su a buɗe ko a tsoma su a ruwa.

Irin wannan kicin na kabad jere a bango ba daɗaɗɗen abu ba ne ko a Turai. A 1926 wata mai zanen gine-gine 'yar Ostiriya, Margarete Schütte-Lihotzky, ta tsara shi domin gidajen ma'aikata a birnin Frankfurt na Jamus, aka kafa kimanin 10,000. Da aka ga sun tsufa, an ɓamɓare mafi yawansu an zubar. Kaɗan ɗin da suka tsira yanzu gidajen tarihi irin na Landan da New York ne ke gyara su suna nuna wa jama'a. Ba ina cewa kowane kabad na Tudun Wada kayan tarihi ba ne. Amma abin da ake yi wa kallon tsohon yayi a shekara arba'in, shi ne ake nema ruwa a jallo a shekara tamanin, kuma a tsakanin nan ne guduma ke cinye shi.

Abin da ke damuna shi ne ladan aikin. Mai kafa sabo yana cin riba a kan kayan da ya sayo, ya gama cikin kwana kaɗan, kowa ya ga abin da aka biya. Mai gyara kuwa kayansa ba su da yawa, gam ne da samfefa da banish da 'yan ƙarafa, sauran duk lokaci ne da ido, kuma in ya ƙware sosai ba a ma ganin inda ya taɓa. Sai a ce masa, "Malam, ai ba ka sayi komai ba," a nemi a biya shi kuɗin leburanci. Da haka yara masu koyo ke gudun wannan fanni su koma yanka allo da inji. Ya kamata mai gida ya lissafa abin da sabon zai ci, da shekarun da zai yi, kafin ya fara taya wa mai gyara.

Ranar mayarwa, kowane ƙyaure ya koma gurbinsa bisa lambarsa. Ƙarafan da suka yi tsatsa a wanke su da kananzir a sa musu mai, waɗanda suka ci a sauya. Gefen aljihun da ke cijewa a goga masa kyandir. A ɗaga gindin kabad ɗin daga ƙasa da ɗan dakali, a tabbatar mai gyaran famfo ya tsayar da ɗigar da ta jawo ɓarnar tun farko. In a hunturu aka yi aikin, gwani yakan bar rata tsakanin ƙyamare wadda ido zai ga kamar ta yi yawa, ya ce, "Hajiya, ki bar ta haka, damina za ta cike ta." Yakan kuma gargaɗe ta cewa banish ko ya bushe a hannu, sai ya yi kusan wata guda kafin ya gama tauri, kada a ɗora masa tukunya mai zafi ko a wanke shi da soson ƙarfe. Sa'an nan ya ce a kira shi a watan Agusta in wani ƙyaure ya cije, ya zo ya fere masa gefe kaɗan ya sake shafe wurin.